Ɗalibin da ya tashi da Sifaniyanci a gida: ajin da ya dace da shi a jami'a

A jami'o'in Amurka babu harshen da ake ɗauka kamar Sifaniyanci, kuma mutum sama da miliyan 40 ne suke magana da shi a gidajensu a ƙasar. 'Ya'yan waɗannan gidaje, waɗanda iyayensu suka fito daga Meziko ko Kuba ko Gwatemala, sun sha harshen a nono. Yaro yana hira da kakarsa, yana yi wa mahaifiyarsa tafinta a asibiti, amma tun daga firamare da Ingilishi ya yi karatu. Baki ya iya, hannu bai iya ba. Kamar ɗan zango ne a Kumasi da Hausa ke zuba a bakinsa, amma bai taɓa rubuta ƙ ko ɗ ba. Guadalupe Valdés ta Jami'ar Stanford ta sa har wanda yake jin harshen kawai, ba ya iya mayarwa, a cikin wannan rukuni na 'yan gado, wato waɗanda suka gaji harshen a gida.

Matsalar tana farawa ne tun daga jarrabawar tantance aji. Idan ta zaɓi-ɗaya ce a kan nahawu, tana auna abin da aka koya a aji ne, ba abin da aka koya a gida ba. Ɗalibi zai ce quiero que vengas, wato ina so ka zo, babu tuntuɓe, amma bai san sunan wannan siga ta aikatau ba. Sai a jefa shi ajin 'yan koyo, ya zauna ana koya masa gaisuwa da sunayen launuka, abokan ajinsa su kame baki don suna jin kunyar magana a gabansa, shi kuma ya saki jiki har ranar da za a ƙwace masa maki a kan rubutu. Tantancewa mai kyau tana da matakai 3. Na farko takardar tambayoyi: da wane harshe ake yi maka magana kana ƙarami, kana shekara nawa ka shigo Amurka, ka taɓa zaman aji da Sifaniyanci? Na biyu rubutun shafi guda ba tare da ƙamus ba. Na uku 'yar gajeriyar hira da malami. Wanda ya gama firamare a Meziko kafin ya ƙetaro, yawanci ajin sama ne wurinsa. Jami'o'i irin su ta Arizona da ke Tucson, da ta New Mexico, da ta Houston, da ta Illinois da ke Chicago duk sun ware wa waɗannan ɗalibai azuzuwansu.

Zangon farko kusan duk a kan ƙa'idar rubutu yake ƙarewa, kuma kurakuran ba irin na ɗan koyo ba ne. Ɗan gado da kunne yake rubutu. A Sifaniyanci b da v sauti ɗaya ne, h kuwa ba a furta ta, shi ya sa a ver da haber suke rikice masa, haka hecho da echo. A Latin Amurka s da z, da c idan ta zo gaban e ko i, duk furucinsu ɗaya, don haka casa, gida, da caza, farauta, ba su da bambanci a kunnensa. Ɗan koyo da ya fara ganin kalma a allo kafin ya ji ta ba ya cika faɗawa wannan rami.

Inda gizo ke saƙa ita ce alamar da ake ɗorawa a kan wasali. Hablo ina magana ne, habló ya yi magana. Papa dankali ne, papá uba. Ƙa'idar ba ta da yawa. Idan nauyin kalma yana kan gaɓar ƙarshe, ana sa alamar in ta ƙare da wasali ko n ko s. Idan yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe, ana sa ta in ba ta ƙare da waɗannan ba. Idan yana kan ta uku daga ƙarshe, dole ne a sa. Malamai da yawa suna rubuta wannan a allo su wuce, alhali ɗalibin bai san a wace gaɓa yake danna murya ba, ko da yake yana dannawa daidai. Sai an fara da kunne: a raba kalma gaɓa-gaɓa da tafi, a ƙwala ta kamar mai kiran wani daga nesa, a ji gaɓar da ta miƙe. Ko mako 2 aka kashe a nan, ba a yi asara ba.

A nahawu giɓin yana da wuraren da aka sani. Binciken Carmen Silva-Corvalán a Los Angeles ya nuna yadda sigogin aikatau suke raguwa daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki, Silvina Montrul kuma ta yi aiki a kan jinsin suna da harafin a da ake sawa gaban mutum, kamar a veo a María, wanda 'yan gado sukan yar. Dalili shi ne da yaro ya shiga makaranta yana ɗan shekara 5, Ingilishi ke cinye masa yini, sigogin da ake ƙwarewa a kansu daga baya ta hanyar karatu sai su tsaya rabi.

Abin da ya fi damuna shi ne jan biro. Ɗalibi ya rubuta haiga maimakon haya, ko muncho maimakon mucho, ko asina maimakon así, malami ya ja layi ya ce wannan ba kalma ba ce. Kalma ce mana. Tsofaffin sigogi ne da har yau ake ji a ƙauyukan ƙasashe da dama, kuma daga bakin kakarsa ya same su. Abin da yaron zai ji shi ne an ce gidansu ba su iya magana ba, daga nan sai ya ajiye darasin. Aikin malami ƙari ne, ba sauyi ba: ga wadda za ka faɗa a gida, ga wadda za ka rubuta a takardar neman aiki. Troca, motar kaya, da lonche, abincin rana, da aka aro daga Ingilishi, suna aiki lafiya a unguwa. Wadda ake jan kunne a kanta ita ce irin carpeta, da wasu a Amurka ke nufin darduma da ita, alhali a mafi yawan ƙasashe jakar ajiye takardu ce. Haka ɗan Gwatemala mai cewa vos a madadin tú, wato kai, a sa tasa sigar a jadawalin allo, kada ya ɓoye ta don 'yan Meziko sun fi yawa a ajin.

Koyarwar da ta fi karɓar su daga cikakken zance take farawa: labarin jarida, ko hira da dattijon gida a kan yadda ya yi hijira, a naɗa, a rubuta. A yi rubutun sau 3. A na farko malami ya duba ma'ana kawai, a na biyu tsarin sakin layi, a na uku ƙa'idar rubutu, shi ma kuskure iri 2 ko 3 zai kama, ba duka ba.

Inda jami'a ba ta da kuɗin raba aji, sai a haɗa ɗan gado da ɗan koyo su yi aiki bibbiyu: wannan ya kawo kalmomi da kunne, wancan ya kawo ƙa'idar alama da sunayen nahawu. Mai son shaidar da ake karɓa a ƙasashen waje kuma zai iya zana jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes ko ta SIELE. Tafinta a kotu ko asibiti kuwa yana da nasa horon da tasa jarrabawar daban, darasin zango 2 bai isa ba.