Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Je ki zo da namiji"

Makon jiya na tsaya a inda aka kama ƙanina bayan rigimar da ta kaure a bakin kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Cikin azumin 2017 ne.

Inna ta kasa tashi daga kan tabarmar salla, sai hawaye. Baba ya daɗe da rasuwa, ni ce babba, don haka na zura hijabi, na ɗauki katin aikina na koyarwa da ƙananan hotuna biyu, na nufi ofishin 'yan sanda.

A jikin bango an manna takarda, wai beli kyauta ne. Rana ta cinye tawadar, kusurwa ɗaya ta ɓalle tana lilo. Ɗan sandan da ke kan kanta bai ko kalli katina ba.

"Hajiya, mace ba ta karɓar beli. Je ki zo da namiji."

"Yallaɓai, shekarata 11 ina aikin gwamnati. Ga albashi, ga adireshi."

"In ya gudu, ke za mu tsare? Mijinki ma ya san kin zo?"

Na haɗiye maganar da ta zo min baki, saboda azumi. Na tari keke napep zuwa unguwar Jahun na ɗauko Kawu. Allah sarki Kawu, ba aiki, ba kati, ko maganin hawan jininsa ni ke saya duk wata. Ya dangwala yatsa, ko minti 10 ba a yi ba aka fito da yaron. Kuɗin "takarda" kuwa daga jakata ya fita, na miƙa wa Kawu ta bayan hijabi shi ya miƙa musu.

Bayan salla nake ba wata lauya labari, uwar ɗalibata. Ta riƙe baki.

"Malama, ai babu dokar da ta ce haka. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ma ta fito ƙarara a sashe na 167: ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce."

Ta rubuta min lambobin a bayan katin sakamakon 'yarta, na kwafe na adana a jaka.

Wata biyu bayan nan sammaci ya iso, za a kai maganar kotun majistare. Kawu kuma yana kwance a asibiti.

Mu haɗu mako mai zuwa.