Ta haddace tayim tebur amma canjin ɗari biyar ya gagare ta

Ranar Asabar na aiki autata shagon bakin layi ta siyo min magi da omo, na ba ta ɗari biyar, kayan kuma na ɗari uku da hamsin ne. Ta dawo tana tsalle ta miƙo min naira hamsin. Nace ke ina sauran ɗarin? Sai ta tsaya tana kallona kamar na mata Faransanci.

Yarinyar nan fa aji uku take a firamare, kuma ko tsakar dare ka tashe ta zata rera maka tayim tebur tun daga tu wan tu har tuwel tuwel, da karin waƙarsa da komai, har baƙi muke kira ta yi musu. Ranar dai na zaunar da ita nace bakwai sau uku nawa, wallahi kalmar "sau" ɗin ma bata san tana da alaƙa da waƙar ba. Karatu ma haka, in an buɗe shafin da aka yi a aji zata zuba shi tas, amma na rubuta mata "tukunya" a bayan kwalin ashana ta kasa haɗa baƙaƙen.

Litinin na bi ta makaranta. Malamarsu ta tarbe ni da fara'a tace "Hajiya ai 'yarki bata da matsala ko kaɗan, monita bai taɓa rubuta sunanta cikin masu surutu ba, ko kamun kunne bata taɓa yi ba." Nace Malama ai shirun ne ya kawo ni. Ban ga laifinta ba gaskiya, na leƙa ajin na ƙirga kai sama da saba'in, wasu kan benci wasu a ƙasa, alli guntu ɗaya a hannunta, to wa zata bi ɗaya bayan ɗaya? Dole ta faɗa su maimaita, wanda yayi tsit shi ne mai ladabi, mai tambaya kuma ya zama fitinanne.

Abin da ke ban haushi, daga 1977 har zuwa 2025 manufar ilimi ta ƙasa cewa take a fara koya wa yara da harshen gida a azuzuwan farko, amma mu iyaye mu ne ke tada jijiyar wuya in yaro bai dawo da turanci a baki ba. Ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba. Akwai wani tsari da ya faro daga Indiya, an gwada shi a Borno, inda ake raba yara bisa abin da suka iya ba bisa ajin da suke ba, da ma ya iso unguwarmu.

Yanzu dai kullum bayan Magariba muna baje marafen kwalbar lemo a tabarma, ta jera bakwai-bakwai layi uku ta ƙirga da hannunta, sai mu yi ba bi bu be bo na minti goma, in ta fara hamma mu tashi. Babanta yana ta mita wai na cika masa ɗaki da shara.

Jiya ta dawo daga makaranta tana kumbure-kumbure, wai monita ya rubuta sunanta, saboda ta ɗaga murya ta tambayi Malama in an ce a aro ɗaya a lissafin ɗebewa, wajen wa ake arowa kuma yaushe ake biya. Na ƙara mata naira hamsin a kuɗin tara.