Shingen baranda a bakin ruwa: daga noti da gindi yake fara lalacewa

Duk wanda zai kafa shingen baranda kusa da teku ko tafki, kada kyan ƙarfe ya ruɗe shi. Ɓarna tana farawa ne daga gindin ginshiƙi, da wurin walda, da kan noti, wato inda ruwa ke kwana.

Idan iskar wurin na ɗauke da gishiri, sitenles (ƙarfen da ba ya saurin tsatsa) mai lamba 316 ya fi dacewa. Yana da sinadarin molibdenom kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ne ke hana gishiri huda shi. Mai lamba 304 ba shi da wannan, shi ya sa yake saurin yin tabo ruwan ƙasa, amma a bakin ruwan daɗi yana wadatarwa. Alminiyom mai gasasshen fenti shi ma yana jurewa, ga rashin nauyi.

Inda masu aiki da yawa ke tafka kuskure shi ne wajen haɗa ƙarfe iri biyu. Alminiyom ya taɓa sitenles, ruwan gishiri ya shiga tsakani, to alminiyom ɗin ne zai ciwu, ka ga farin gari kewaye da notin, fenti ya kumbura. Maganinsa a sa washar roba tsakaninsu. Haka katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa: akwai jan ƙarfe a ciki, yana cin alminiyom da ƙusa ta gama-gari, don haka a raba su da shimfiɗar roba, sukurori kuma su zama na sitenles.

Ginshiƙin bututu yana tara ruwa a cikinsa ko da an rufe samansa. A huda ƙaramin rami a ƙasa don ya riƙa tsiyayewa. A ɗaure kowane ginshiƙi da noti biyu masu kaurin milimita 12 da suka ratsa katakon barandar gaba ɗaya, sukuru kaɗai yana sakewa idan katako ya sha ruwa. Dokar gina gidaje da ake bi a yawancin Amurka ta ce tsayin shingen kada ya gaza inci 36, tazarar sanduna kuma kada ta kai inci 4, saboda yara.

Ko 316 ɗin ma yana son wanka da ruwan daɗi da sabulu duk wata ko biyu, musamman ɓangaren da ruwan sama ba ya kaiwa. Kada a goge shi da soson ƙarfe ko bilic: soson yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa, bilic kuma yana huda fatar ƙarfen.