Wasiƙa Daga Amurka: Ciko da Rigimarsa a Lig ɗin Bolin

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali?

A nan Amurka, da an shiga watan Satumba sai gidajen wasan bolin su cika da dare a ranakun aiki. Ba 'yan shaƙatawa ba ne irin waɗanda kukan gani a wuraren nishaɗi na Abuja ko Legas, 'yan lig ne: ƙungiyoyi masu mutum huɗu ko biyar, wasa uku duk mako, haka za a yi ta yi sama da mako 30, sai wajen Afrilu ko Mayu a tashi. A layi ɗaya za ka tarar da tsohuwa mai shekara 70 da saurayi mai jifa kamar inji, kofi ɗaya suke nema, kuɗi ɗaya suka zuba. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne handikaf, wato makin da ake ƙara wa mai rauni kafin a gwada sakamako. Bari mu kira shi ciko. Masu bin wasan folo a Kaduna da Katsina da Kano sun san ɗan uwansa, inda kowane mahayi ke da lamba daga -2 zuwa 10, a tara na ƙungiya, wadda ta gaza a ba ta ƙwallaye tun ba a hau doki ba. Sai dai a folo kwamiti ne ke duban mutum ya yanka masa lamba. A bolin alƙalami ne kaɗai ke magana.

Wasan kansa a taƙaice: kwalaben katako 10 aka jera a ƙarshen layi, ƙafa 60 daga inda ake sakin ƙwallo zuwa kwalbar gaba. Wasa ɗaya gida 10 ne, kowane gida jifa biyu. Wanda ya kwashe duka da jifa ɗaya yana da 10 haɗe da abin da jifa biyu na gaba suka kawo, wanda ya kwashe da jifa biyu yana da 10 haɗe da jifa ɗaya na gaba. Ƙarshen maki 300.

Ana fara lissafin ciko da matsakaicin makin mutum: a tara duk abin da ya ci a lig, a raba da yawan wasanninsa, a zubar da ɓurɓushin. Mai 150.9 a takarda 150 ne. Sai lig ta zaɓi lambobi biyu, mizani da kaso. Wanda aka fi ji a bakin mutane shi ne kashi 90 na 220. A cire matsakaicin mutum daga 220, a ɗauki kashi 90 cikin 100 na ragowar, a sake zubar da ɓurɓushi. Mai matsakaicin 150 ya gaza da 70, cikonsa 63. Mai 200 ya gaza da 20, cikonsa 18. In kowa ya yi wasansa na yau da kullum, na farko ya tashi da 213, na biyu da 218. Ratar 50 ta koma 5.

To, a canza lambobin nan biyu ku ga yadda magana ke juyawa. Akwai lig da har yanzu suke riƙe da kashi 80 na 200, gadon zamanin da samun 200 sai gwani. A can mai 150 cikonsa 40 ne, ya tashi da 190, mai 200 kuwa ba shi da ko ɗaya, ya tashi da 200 ɗinsa. Rata ta zama 10. Kada ku raina ta. In mutum biyar ne a kowane ɓangare kuma tazararsu ke nan, maki 50 ne a wasa ɗaya, 150 a dare ɗaya, kafin kowa ya ɗaura takalmi. Ƙungiyar da ke ƙasa sai ta wuce kanta kafin ta yi kunnen doki.

Inda gizo yake saƙar shi ne mizani. Ba a cire wa mutum maki don ya zarce shi, sai in lig ta rubuta haka a dokarta, wanda ba kasafai ake yi ba. Mai matsakaicin 215 a lig mai mizani 200 cikonsa sifiri ne, amma 15 ɗin da ya ɗara duka nasa ne, ba a taɓa su da kaso ba. Tsakaninsa da mai 150 rata ta kai 25. Shi ya sa masu ƙwarewa a harkar ke cewa a ɗora mizani sama da matsakaicin wanda ya fi kowa a lig, har a bar ɗan fili, don mutane kan ƙaru a cikin shekara. Kuma matsakaici ya hau sosai tun farkon shekarun 1990, da aka fara ƙera ƙwallaye masu fatar da ke shan man da ake shafa wa layi tana kama katako. Yau a lig na unguwa ma ana samun masu 220 da 230. Lig ɗin da ta bar mizaninta a 200 ta raba wa manya kyauta ne ba ta sani ba.

Akwai kuma wata 'yar ƙofa da mutane ba sa lura da ita: a lissafa wa kowa cikonsa a tara, ko a tara matsakaicin ƙungiya a lissafa sau ɗaya? Ɗauki ƙungiya mai 235, 210, 190, 180 da 165, a kan kashi 90 na 220. Ɗaya bayan ɗaya, cikon ya zama 0, 9, 27, 36 da 49, jimla 121. In an haɗa su, matsakaicinsu 980 ne, mizanin mutum biyar 1,100, ragowa 120, ciko 108. Bambancin 13 ne a kowane wasa, 39 a dare, kusan duk daga mutumin nan guda da ya haura mizani. Kaftin mai wayo ya san wannan, shi ya sa yake farautar gwani ɗaya ya kewaye shi da matsakaita.

Kuna iya cewa to a ba da kashi 100 mana a huta. Ana bayarwa, kuma a ganinmu lig ɗin da ta haɗa maza da mata da sababbin shiga ita ta fi dacewa da shi. Amma ko shi bai daidaita komai ba. Hukumar wasan ta ƙasa, USBC, wadda aka kafa a 2005 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi irin su ABC ta 1895 da WIBC ta mata ta 1916, ta daɗe tana kafa hujja da wani bincike da ya nuna cewa ko a kashi 100 ƙungiyoyi masu babban matsakaici sun fi ɗaukar kofi, sai an kai wajen kashi 116 kafin dama ta rabu biyu daidai. Dalilin a fili yake ga mai kallo. Man layi ya kan kauce daga inda aka shafa shi yayin da ƙwallaye ke bi ta kai, gwani yana gani ya gusa ƙafarsa katako biyu ko uku, ɗan koyo yana nan a wuri ɗaya yana mamakin abin da ya sami ƙwallonsa. Kuma in wasa ya zo gida na goma maki biyar ne tsakani, ciko ba ya riƙe wa mutum hannu.

Matsakaici labarin jiya yake bayarwa, kuma nan ne rigima ta fi yawa. Mai 180 bayan wasa 3, in ya ci 450 kacal a mako na biyu, matsakaicinsa ya faɗo 165, cikonsa ya tashi daga 36 zuwa 49. Wannan daren dai, in bayan wasa 60 ya zo, 178 zai koma, ciko 37. Ke nan farkon shekara lambar tana rawa kamar mazari, ƙarshenta kuma ko da tuƙi ba ta motsi. Sabon shiga da ya sayi ƙwallonsa aka huda masa daidai yatsunsa, ya koyi kwashe ragowar kwalabe, zai iya wasa kamar mai 165 alhali takarda na cewa 140. Yana cin ciko fiye da haƙƙinsa, kuma ba laifinsa ba ne.

Mai laifin shi ne mai likimo. Ƙungiyarsa ta riga ta ci wasan ko ta riga ta faɗi, sai ka ga kwalba ɗaya tak a tsaye, wadda ko da ido rufe yake kayarwa, ƙwallo ta wuce ta gefenta, shi kuma ya dafe kai. Maki goma-goma yake zubarwa inda ba su da amfani don ya ajiye ƙaramin matsakaici, ya ɗauke shi ya tafi gasar kuɗi. Dokar USBC ta hana wannan, ana iya dakatar da mutum a kansa, amma tabbatar da niyya aiki ne, don kowa yana kuskure. Abin da ake yi sai toshe hanyoyi. A gasa, ƙa'idar da aka saba ita ce a yi amfani da matsakaicin mutum mafi girma na bara, na wasa 21 ko fiye, kuma in na bana ya ɗara shi da 10 ko sama da haka, na bana za a ɗauka. Shugaban gasa na iya ɗaga wa mutum lamba kafin ya fara jifa in tarihinsa ya nuna ya fi abin da ya rubuta. A lig kuwa, akan riƙe mutum a kan matsakaicinsa na bara na wasannin farko, wasu 9, wasu 12, har lambar bana ta zauna. Tsarin raba maki ma yana taimakawa: inda ake ba da maki ɗaya ga kowane wasa da ɗaya ga jimlar dare, kwalbar da aka zubar a wasan da aka riga aka rasa tana iya jawo asarar na jimla, abokan wasa kuma ba za su yi shiru ba.

Wani lokaci babu mai ha'inci, man layi ne. Shafin man da gidajen wasa ke yi wa 'yan lig yana da kauri a tsakiya, gefe kusan a bushe, kamar kashi 10 da 1. In ka kauce waje busasshen katako ya dawo maka da ƙwallo, in ka shige ciki mai ya riƙe ta. Shafin gwanaye kuwa kusan bai ɗaya ne, ba ya yafe kuskure. Mai 180 a kan wannan ya fi mai 180 a kan wancan nesa ba kusa ba, shi ya sa USBC ta fitar da jadawalin da ake juya matsakaicin shafi mai wuya zuwa na yau da kullum kafin a lissafa ciko. Sakataren da ya manta da wannan ya buɗe wa gwani ƙofa da hannunsa.

Sai batun wanda bai zo ba. Abin da aka saba shi ne a rubuta masa matsakaicinsa a cire 10, da cikonsa yadda yake. In ba a cire komai ba, ƙungiya ba ta rasa komai don mutum ya kwanta a gida. In an cire da yawa, wanda rashin lafiya ya kayar da ɗan wasanta ita ke shan hukunci. Gurbin da babu kowa a cikinsa ma yana da lambar da ake sa masa, kuma in ta yi girma, ƙungiya mai mutum huɗu za ta ga ba ta da dalilin neman na biyar.

Duk waɗannan ana yanke su ne a taro guda kafin a fara kakar wasa, taron da yawancin 'yan wasa ke ganin ɓata lokaci ne su bar wa kaftin-kaftin. Da an jefa ƙwallon farko, canza dokar lig sai kowane kaftin ya sa hannu, kuma wanda kashi 80 na 200 ke yi wa daɗi ba zai sa ba. Duk wanda ke shirin haɗa lig a gida, ya karɓi matsakaicin kowa tukuna, ya ɗora mizani aƙalla maki 10 sama da na wanda ya fi kowa, kada kaso ya gaza 90, a rubuta dokar wanda bai zo ba da ta sabon shiga, kowa ya riƙe kwafinsa.

A gaida mutanen gida.