Ɗakin Julia Stoner da igiyar da ba ta kaɗa ƙararrawa

A 1927 da aka nemi marubuci Arthur Conan Doyle ya zaɓi gajerun labaransa 12 na mai binciken laifi Sherlock Holmes da suka fi kwanta masa a rai, The Adventure of the Speckled Band ya sa a sama. Labarin ya fara fitowa ne a mujallar Strand a watan Fabrairun 1892. Wanda bai karanta ba ya sani, zan tona ƙarshensa.

Helen Stoner ce ta yi sammako zuwa wurin Holmes a Landan. Shekara 2 ke nan da 'yar'uwarta Julia ta mutu, saura mako 2 aurenta, bayan ta fito a gigice daga ɗakin da ta kulle ta ciki, ba rauni, ba a gano guba ba. Yanzu ita ma Helen aure ya matso, mijin mahaifiyarsu Dakta Grimesby Roylott ya fake da gyaran gida ya mayar da ita ɗakin marigayiyar, ta kuma fara jin fiton da Julia ta ce tana ji wajen ƙarfe 3 na dare.

Dalilin kisan bai ɗauki Holmes ko yini ɗaya ba. Ya duba wasiyyar uwar: dukiyar da ta bari a hannun likitan tana kawo kamar fam 750 a shekara, kuma duk 'yar da ta yi aure za ta riƙa karɓar fam 250. Tun daga nan mai karatu ya san wanda ya aikata. Abin da ke riƙe shi shi ne: ta yaya?

Doyle bai ɓoye komai ba, ya shigar da mu ɗakin tare da Holmes. Ga igiyar ƙararrawa tana lilo har kan matashin kai, amma a ƙugiya aka rataye ta, ko an ja ba abin da ke kaɗawa. A samanta akwai 'yar kafar iska, wadda maimakon ta fita waje sai ta buɗe zuwa ɗakin likitan. Gadon kuwa an kafe shi a ƙasa, ba ya matsawa. A ɗakin Roylott an ga akwatin ƙarfe, da ɗan faranti na madara alhali babu kyanwa a gidan, da bulala mai zarge a bakinta. Kowanne kayan gida ne da ake gani kullum, sai dai kowanne yana da aibi guda. Jera su kawai za ka yi: kafa, igiya, gado. Hanya ce aka shimfiɗa wa wani abu ƙarami daga wancan ɗaki zuwa kan mai barci.

Alamar da ta fi burge ni tun a Landan aka ba mu ita. Helen ta ambaci cewa warin tabar likitan yana damun Julia. Ƙofa a rufe, ta ina wari ke shiga? Holmes ya san akwai kafa tun kafin ya taka gidan, mu kuwa mun wuce jimlar ba mu tsaya ba.

Akwai inda ginin ya tsage. Abin da ke bin hanyar nan maciji ne da likitan ya horar da fito da madara, amma macijin Indiya da Doyle ya ambata babu irinsa a duniya. Maciji ba shi da kunnen waje, da wuya ya amsa fito. Madara ba abincinsa ba ce, hawa sakakkiyar igiya ba ƙaramin aiki ba ne gare shi, kuma sarar da ke kashe ƙato cikin daƙiƙa 10 ta wuce abin da aka sani. Masu sharhi sun daɗe suna lissafa waɗannan, suna da gaskiya.

Duk da haka labarin bai faɗi ba, domin ba sai ka san halin maciji za ka warware shi ba. Gadon da aka kafe ya isa. Sannan ga zaman dare a ɗakin Julia, Holmes da abokinsa Watson a cikin duhu, ba magana ba fitila, suna ƙirga bugun agogon coci har aka ji wani huci a hankali. Holmes ya ƙyasta ashana ya rufe igiyar da duka da sanda, macijin ya juya a fusace ta kafar ya sari mai shi.