Aikinmu na Haɗa Takardun Manyan Manajoji Masu Neman Komawa Ostireliya

Ofishinmu ƙarami ne, kuma sana'armu guda ce: haɗa fayil ɗin tantance ƙwarewa ga shugabannin kamfanoni da manyan manajoji masu son komawa Ostireliya da aiki. Masu zuwa wurinmu ba yara ba ne. Akwai manajan darakta, akwai janar manaja, akwai shugaban sashen ma'aikata ko na sayayya a banki ko masana'anta, mutanen da aka saba miƙe musu in sun shigo ofis. Abin da muke fara gaya wa kowannensu shi ne, ranka ya daɗe, muƙamin da ke jikin katinka ba shi za a auna ba. Ikon da ke hannunka za a auna, kuma sai an gan shi a rubuce.

Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Ostireliya ce ke ba da biza, amma tantance ƙwarewa aikin wasu hukumomi ne daban. Kowace sana'a tana da lamba mai alƙaluma shida a kundin sana'o'i da ake kira ANZSCO, kuma kowace lamba da hukumar da ke duba ta. Shugaban kamfani ko manajan darakta lambarsa 111111, janar manaja 111211, manajan tallace-tallace da kasuwanci 131112, manajan ma'aikata 132311, manajan sashen injiniya 133211, manajan sayayya 133612. Duk waɗannan cibiyar manajoji da shugabanni ta IML ce ke tantance su. Manajan kuɗi kuwa wajen ƙungiyoyin akantoci irin su CPA Australia zai nufa, shugaban sashen fasahar sadarwa wajen ƙungiyar masana kwamfuta ta ACS, manajan aikin gine-gine wajen hukumar tantance sana'o'i ta VETASSESS. Zaɓen lamba shi ne tushen ginin. Mutum zai zo yana son 111111 domin ita ce ta fi kama da girmansa, alhali aikin da yake yi kullum na manajan sayayya ne. In aka biye masa, kuɗin tantancewa ya tafi, watanni sun tafi. Ga shi kuma ba kowace lamba ce ke buɗe ga kowace biza ba, jerin yana sauyawa, don haka sai mun duba shi a ranar da za mu fara aiki, ba mu dogara da abin da muka sani bara.

Zuciyar fayil ɗin manaja ita ce taswirar muƙamai ta kamfani, kuma a nan muka fi ɓata lokaci. Shafi ɗaya ne, amma yakan ci mana mako guda. Akwatin mai nema yana tsakiya. Sama da shi a ga wanda yake kai wa rahoto, shugaban kamfani ne ko kwamitin daraktoci. Ƙasa da shi a ga waɗanda ke kai masa rahoto kai tsaye, kowanne da cikakken muƙaminsa, sannan a ƙarƙashin kowannensu a ga nasa mutanen. Mai tantancewa yana neman ya ga manaja yana jagorancin manajoji. Idan duk akwatunan da ke ƙasa sakatare ne da direba da akawu biyu, to mai kula da ma'aikata ne wannan, ko da kuwa an rubuta masa darakta da ruwan zinari. Muna zana taswira ga kowane muƙami da mutum ya riƙe a shekarun da yake son a ƙirga masa, da kwanan wata, a kan takardar kamfani mai tambari, kuma wanda ya fi shi muƙami ne zai sa hannu. Ba ma yarda mai nema ya sa wa kansa hannu. Bayan haka sai mu ɗora taswirar kusa da wasiƙar shaidar aiki, mu bi su layi-layi da biro. In wasiƙa ta ce mutum arba'in ne a sashensa, taswira ta nuna ashirin da takwas, sai an gano inda sha biyun suka shiga kafin takarda ta bar teburinmu.

Wasiƙar shaidar aikin ita ma tana da nata ƙa'ida: ranar fara aiki da ranar bari, awa nawa a mako, albashi, muƙami, da ayyukan da mutum ya yi da gaske. Domin ƙirgen makin da ake ba mai neman biza, aikin da ake biya ne ake ƙirgawa, na aƙalla awa 20 a mako. Mukan zauna da mai nema kamar awa biyu muna tambaya. Kasafin kuɗin nawa ne a hannunka? Har nawa kake iya sa wa hannu ba tare da ka nemi izini ba? Wa ke ɗaukar ma'aikaci a sashenka, wa ke sallama? Wace manufa ka tsara wadda kamfani ke bi har yau? Amsoshin nan su ne naman wasiƙar, kuma kowace amsa muna nema mata shaida: takardar ba da iko, bayanin taron daraktoci, wasiƙar ƙarin girma.

A nan ne masu aikin araha ke ɓata mana sana'a, kuma abin yana ci mana rai. Sai su buɗe kundin ANZSCO a intanet, su kwafe jerin ayyukan manaja kalma da kalma, su manna a takardar kamfani, su ce an gama. Masu tantancewa sun haddace wannan jerin, da ganin layin farko sun gane. Wasu ma har ƙirƙiro ƙananan manajoji suke yi su cika taswira da su. Ba su gaya wa mai nema cewa ana iya buga waya kamfani a tambaya, kuma akwai sharaɗi mai lamba 4020 a dokar bizar ƙasar: wanda aka kama da takardar bogi ko bayanin ƙarya ana iya hana shi biza har shekara uku, in kuma shakkun a kan ko shi wane ne, shekara goma. Mutum ya gina suna shekara ashirin, wani ya rushe masa a dare ɗaya saboda rangwamen kuɗi kaɗan.

Bayan wasiƙa sai sawun kuɗi. Takardun albashi, bayanan asusun banki da ke nuna shigar albashin, takardar shaidar biyan haraji, da bayanin asusun fansho. Ga wanda ya yi aiki a Najeriya, bayanin fansho shaida ce mai ƙarfi domin yana ɗauke da sunan kamfanin da ya zuba kuɗin wata-wata, kuma ba kamfanin ne ya buga shi ba. Mu dai tsarinmu shi ne mu ɗauko na farkon aiki, na ƙarshe, da aƙalla biyu daga kowace shekara a tsakani. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne mai kamfanin kansa, ko wanda ke shugabantar kamfanin gidansu, inda ake ɗibar kuɗi ba tare da an kira shi albashi ba. Shi sai an haɗa da takardun rajista na CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, rahoton odita na shekaru, jerin albashin ma'aikata, kwangiloli, da wasiƙa daga akanta ko lauyan da ba ɗan gida ba.

Sai kuma sunaye. Digiri ya ce Mohammed, fasfo ya ce Muhammad, takardar sakandare ta ƙara sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwa kuma ta bambanta a wurare biyu. A gida ba wanda zai ɗaga ido, a can kuwa mutum biyu ne sai an tabbatar ɗaya ne. Muna gyara wannan tun farko da takardar rantsuwa ta kotu da sauran shaidun da suka dace. Wanda ya yi karatu a Yamai da Faransanci, ko a Khartum ko Alƙahira da Larabci, sai an fassara takardunsa zuwa Turanci, mai fassarar ya rubuta sunansa da adireshinsa da ƙwarewarsa, a haɗa da asalin takardar.

Duk wannan aikin ba ya da amfani in lissafin maki bai kai ba, shi ya sa muke yin lissafin a zaman farko, kafin mu karɓi ko sisi na haɗa fayil. Mafi ƙaranci maki 65 ne, kuma dole mutum ya kasance bai cika shekara 45 ba ranar da aka gayyace shi ya shigar da takardar biza. Matsalar manyan manajoji ke nan: kafin mutum ya kai kujerar, shekaru sun ja. Mai shekara 33 zuwa 39 yana da maki 25, mai 40 zuwa 44 kuwa 15 kacal. A ɗauki babban manaja mai shekara 42. Shekarunsa maki 15, digiri 15, aikin shekara takwas cikin goman da suka wuce 15, ya zama 45. In ya ci 7 a kowane sashe huɗu na jarrabawar Turanci ta IELTS ya sami 10, in ya ci 8 ya sami 20, in 6 ce ya cika sharaɗi amma ba maki. Da 7 yana da 55. Jiha ta tsaya masa a biza mai lamba 190 ya ƙaru da 5, in ta yankunan wajen manyan birane ce mai lamba 491 ya ƙaru da 15. Uwargida ta ci 6 a jarrabawar, wasu 5. Wato dai da kyar yake taɓa 65, kuma 65 izinin shiga layi ne kawai, masu maki sama da haka ake fara kira. Sannan hukumar tantancewa tana iya cire wasu shekarun farko, ta ce daga rana kaza ne ya kai matsayin, sai takwas ɗin ta koma biyar, maki 15 ya koma 10.

Shi ya sa muke matsa wa manya su ɗauki jarrabawar Turanci da muhimmanci. Mutumin da ke jagorantar taro da Turanci kullum yakan faɗi a sashen rubutu, domin ya daɗe bai rubuta kalma 250 cikin minti arba'in da hannunsa ba. Wata biyu na atisaye ya fi masa komai riba. Wanda lissafinsa bai kai ba muna gaya masa gaskiya a ranar. Hanyar da ta rage masa galibi ita ce kamfanin can ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa, ta biza mai lamba 482 ko 186. Tsohuwar hanyar masu zuba jari mai lamba 188 an rufe ta ga sabbin masu nema tun Yulin 2024, amma har yau akwai masu tallata ta suna karɓar kuɗin mutane.

Wani zai ce, ai wane ya ce zai yi mini a rabin kuɗinku cikin kwana uku. Amsarmu ita ce, Alhaji, tambaye shi taswira nawa zai zana, kuma wa zai shigar da takardar bizar. Mu iyakarmu haɗa shaida. Shawarar doka da shigar da biza muna miƙa su ga lauyan ƙasar ko wakili mai rajista da OMARA, ofishin da ke yi wa wakilan biza rajista, wanda lambarsa ke cikin rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet. Ba mai iya ba da tabbacin biza, duk wanda ya yi maka wannan alkawarin ka riƙe kuɗinka.

Akwai maganar iyali da muke tadawa tun da wuri, ko da tana da nauyi. Dokar bizar tana kallon aure a matsayin zaman mutum biyu kaɗai, don haka mai mata fiye da ɗaya sai ya zauna da lauya kafin ya kashe ko kwabo. Ɗan da ya wuce 18 sai an nuna har yanzu a ƙarƙashin iyaye yake, kuma kowa a gidan zai yi gwajin lafiya wajen likitan da suka amince da shi.

Sakamakon tantancewa yana aiki shekara uku in hukumar ba ta sa ƙasa da haka ba, bayanin neman gayyata a tsarin intanet na ma'aikatar mai suna SkillSelect yana zama shekara biyu, in gayyata ta zo kuma kwana 60 ne kawai na shigar da takarda. Saboda haka muna ajiye wa kowane mai nema jadawali guda mai ɗauke da ranar ƙarewar fasfo, ta jarrabawa, ta tantancewa, da ranar da zai cika 40 ko 45, kuma muna buga masa waya wata uku kafin kowace ɗaya ta iso.