Lahadi Ranar Aiki Ce: Abin da Kirista Baƙo Ke Tararwa a Isra'ila

Kiristan da ya taso a Jos ko Zonkwa ya saba Lahadi ta ɗinkin fita ce da sujada. Idan karatu ko aiki ya kai shi Isra'ila, Lahadi da sassafe zai ga yara da jakar makaranta, bankuna a buɗe, hanya ta cushe. Sunan ranar a Ibraniyanci, Yom Rishon, ranar farko yake nufi, kamar yadda Lahadi ta samo asali daga "ɗaya" a Larabci. Hutu na Asabar ne, kuma tun faɗuwar ranar Juma'a yake farawa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma daren Juma'a muke ce wa daren da Alhamis ta wuce.

A Urushalima ana busa jiniya minti 40 kafin rana ta faɗi. Kafin nan motocin bas na gwamnati da jirgin cikin gari sun tsaya, sai taurari sun fito daren Asabar. Wanda ya bar cefane har la'asar ɗin Juma'a zai tarar an ja ƙofofi. Mafita ita ce kantunan Larabawa da motocinsu da ke tashi kusa da Ƙofar Dimashƙu. Dokar aiki ta 1951 ta ba wanda ba Bayahude ba damar zaɓar Juma'a, Asabar ko Lahadi ranar hutunsa, amma a sa a rubuta a takardar aiki tun farko. In an yi sakaci, maigida zai ɗauka Asabar ce. Saboda haka ne ikilisiyoyin baƙi da yawa a kudancin Tel Aviv suke babbar sujadarsu ranar Asabar.

Nan ne tambaya ke tasowa: to wa ya mai da sujada Lahadi? Yesu da manzanni majami'a suke zuwa ranar Asabar, babu gardama. Amma Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna masu bi sun taru a ranar farko ta mako don gutsuttsura gurasa, ranar tashinsa daga matattu. Abin da sarki Konstantin ya yi a 321 shi ne mai da ita ranar hutu ta doka a daular Rum. Majalisar Lawudikiya kuma, cikin ƙarni na 4, ta hana Kirista hutun Asabar. Masu cewa sarki ne ya ƙirƙiro sujadar Lahadi sun wuce gona da iri, masu cewa manzanni ba su san Asabar ba su ma haka.

Batun Ista ya fi ɗaure kai. Jibin Ubangiji a lokacin Idin Ƙetarewa aka kafa shi, kuma ikilisiyoyin Asiya Ƙarama sun daɗe suna kiyaye 14 ga watan Nisan tare da Yahudawa. Bayan Majalisar Nikiya ta 325 aka daina dogara da lissafin Yahudawa. Yau akwai kalanda uku a gari ɗaya. A 2024 Katolika da Furotesta sun yi Ista 31 ga Maris, Idin Ƙetarewa ya shiga yammacin 22 ga Afrilu, Otodoks suka yi tasu 5 ga Mayu. Dalili: watannin Yahudawa na lissafin wata ne, amma sau 7 cikin shekara 19 ana ƙara wata na 13 don idin ya tsaya a bazararsu, Otodoks kuwa tsohuwar kalandar Yuliyas suke bi. Kirsimeti ma sau uku ake yinta a Baitalami: 25 ga Disamba, 7 ga Janairu, sai ta Armeniyawa 19 ga Janairu. A Tel Aviv kuwa duk ranakun aiki ne.

Kwana 7 na Idin Ƙetarewa, manyan kantuna suna lulluɓe duk abin da ke da yisti, burodi da taliya da biskit, na'urar biyan kuɗi ma takan ƙi karɓarsu. Mai son burodi ya nufi Yafa ko Nazarat. Mai aikin kula da tsoho a gidan masu kiyaye addini kada ya kuskura ya shigo da shi, ko ɓarɓashi. A irin gidan nan tukwane da cokula kashi biyu ne, na nama daban na madara daban, kuma cokali ɗaya da ya ratse cikin tukunya mai zafi kan jawo a jingine tukunyar. Asalin dokar Fitowa 23:19 ce, kada a dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa, amma raba kwanuka fassarar malaman Yahudawa ce ta baya.

Wannan shi ne abin da sababbin zuwa suka fi mantawa. Zumuɗi kan sa wasu su sayi ƙaho da mayafin addu'a, su ce sun komo tushe. Yahudancin yau ma ya yi tafiyarsa bayan rushe Haikali a shekara ta 70, tsarin cin abincin daren idi da ake karantawa yanzu bayan nan aka tsara shi. Ayyukan Manzanni 15 kuwa ba ta ɗora wa al'ummai kaciya ba.

Wajen magana a yi hattara. Yahudawa masu bin Yesu Yeshua suke kiransa, taronsu kehila, kuma da yawa ba sa kafa gicciye, domin kakanninsu sun sha kisa ƙarƙashin alamarsa a Turai. Rarraba takardun bishara a unguwar masu tsananin addini neman fitina ne, dokar 1977 kuma ta haramta ba mutum kuɗi ko kyauta don ya sauya addini.

Ranar Kafara, babbar ranar azumin Yahudawa, cikin Satumba ko Oktoba, komai tsayawa yake kusan awa 25: filin jirgin Ben Gurion a rufe, rediyo da talabijin shiru, tituna sai yara da kekuna. A tanadi abinci da magani tun jajibiri, a kuma karanta Littafin Firistoci 16 tare da Ibraniyawa 9 a ranar.